Keir Hardie da Siyasar Ƙin Zama Ɗan Amshin Shata

Tun daga watan Yulin 2024 da Keir Starmer ya zama Firaministan Birtaniya, kafofin watsa labarai suka riƙa tuna wa jama'a cewa sunan Keir Hardie iyayensa suka raɗa masa, wato mutumin da ya fara jagorantar jam'iyyar Leba a majalisar dokokin ƙasar. A wata tattaunawa da na saurara kan wannan batu, wani mai sharhi ya yi watsi da Hardie cikin numfashi ɗaya. Ya ce mutum ne mai taurin kai da yawan jawabi, wanda bai taɓa riƙe ko ƙaramin muƙamin minista ba, bai iya tafiyar da 'yan majalisar jam'iyyarsa ba, kuma ya bar duniya mutanen mazaɓarsa suna yi masa ihu. Abin da ya dame ni shi ne duk abin da ya lissafa ya faru, amma hukuncin da ya ɗora a kai bai yi wa tarihi adalci ba.

Matsayina shi ne, babban aikin Hardie a siyasa guda ɗaya ne, kuma ya fi muƙamin minista nauyi. Ya dage a kan cewa ma'aikaci da talaka ba za su taɓa samun biyan buƙata ba muddin suna raɓe a jam'iyyar masu masana'antu da masu filaye, don haka dole su kafa tasu, su tsayar da nasu, su riƙa ciniki da manyan jam'iyyu a tsaye da ƙafafunsu. Taurin kan da ake zarginsa da shi, shi ne ya sa wannan jam'iyya ta samu, ko da yake shi ne kuma ya sa bai dace da shugabancinta ba bayan ta girma.

Inda ya fito

An haifi Hardie a 1856 a yankin Lanarkshire na Sikotland. Mahaifiyarsa 'yar aikin gida ce, mijinta kuma kafinta ne a wurin ƙera jiragen ruwa, wanda aiki ke samuwa gare shi yau gobe ya ɓace. Yana da shekara 7 ya fara aikin ɗan aike a birnin Glasgow. Shi da kansa ya ba da labarin abin da ya same shi yana da shekara 10, lokacin da yake aiki a gidan burodi, mijin mahaifiyarsa ba ya da aiki, ɗan'uwansa na kwance da zazzaɓi, mahaifiyarsa kuma tana da tsohon ciki. Ya makara zuwa aiki, sai aka hau da shi bene gaban mai gidan burodin, wanda ke zaune da iyalinsa a kan teburin karin kumallo. Nan aka sallame shi, aka kuma riƙe kuɗin aikinsa na mako biyu a matsayin tara.

Daga nan sai ramin kwal. Aikin da ake ba yaro irinsa shi ne ya zauna shi kaɗai cikin duhu na tsawon awa 10, yana buɗe ƙofar da ke sarrafa iskar ramin idan keken kwal zai wuce, ya rufe bayan ya wuce. Karatu da rubutu a gida da makarantar dare ya same su. Kafin ya kai shekara 25 masu ramukan kwal sun sa sunansa cikin jerin waɗanda ba za a ƙara ɗauka aiki ba, saboda yana tara ma'aikata yana yi musu magana kan albashi.

Gurguzun Hardie daga wannan rayuwa ya tsiro, da kuma coci da ƙungiyar yaƙi da shan giya inda ya koyi tsayawa gaban taro. Littattafan masana daga baya suka zo, kuma bai taɓa kiran a zubar da jini ba.

Me ya sa bai zauna a inuwar Liberal ba?

Wannan ce hujja ta farko da ake kawowa, kuma tun yana raye ake kawo ta. A lokacin jam'iyyu biyu ne ke juya ƙasar, Conservative da Liberal, kuma yawancin ma'aikatan da ke da ƙuri'a Liberal suke zaɓa. Jam'iyyar ma takan ba wasu shugabannin ƙwadago takara: tun 1874 masu haƙar kwal biyu, Thomas Burt da Alexander Macdonald, suka shiga majalisa ta wannan hanya. Shi kansa Hardie ɗan Liberal ne a farkon rayuwarsa. To me zai sa mutum ya bar ƙofar da ke buɗe ya tafi saran bango?

Amsar tana cikin abin da ya gani da idonsa. Masu kuɗin da ke riƙe da rassan Liberal a garuruwan masana'antu, su ne dai masu ramukan kwal da masaƙu da ake yajin aiki a kansu. Shugaban ƙwadago da ya shiga majalisa da tikitinsu yana iya magana, amma akwai iyakar da ba ya ƙetarewa. Wanda ke zaman haya ba ya rushe katanga ya faɗaɗa ɗaki, komai ƙuncin da iyalinsa ke ciki, domin gidan ba nasa ba ne. A taron ƙungiyoyin ƙwadago na 1887, Hardie yana matashi ya tashi ya soki Henry Broadhurst, babban jigon ƙwadago wanda har ya riƙe ƙaramin muƙami a gwamnatin Liberal, saboda adawarsa da dokar taƙaita aiki zuwa awa 8 a rana. Dattawan taron sun ɗauki abin rashin kunya. Ni kuwa ina ganin tambaya ce da ta wajaba a yi: idan wakilin ma'aikata yana adawa da rage musu awannin aiki, wa yake wakilta?

Misali mafi muni ya fito fili a 1899. Lord Overtoun babban mai ba Liberal kuɗi ne, sananne wajen kyauta ga coci da kiran a girmama ranar Lahadi. A masana'antarsa ta sinadarai da ke Shawfield kusa da Glasgow, ma'aikata na aikin awa 12 a rana, kwana bakwai a mako har da Lahadin, ƙurar sinadari tana cinye musu cikin hanci. Hardie ne ya buga wannan a jaridarsa da ƙananan takardu har ƙasar ta ɗauka. Ɗan majalisar da ke jiran alfarmar irin su Overtoun don ya sake samun takara ba zai iya rubuta wannan ba.

Saboda haka a 1888, da Liberal suka ƙi ba shi takara a zaɓen cike gurbi na Mid Lanark suka kawo lauya daga Landan, ya tsaya da kansa. Manyan jam'iyyar sun yi masa tayin ya janye a saka masa da wata mazaɓa nan gaba da kuma albashi, ya ƙi. Ƙuri'a 617 ya samu, shi ne na ƙarshe. A shekarar aka kafa jam'iyyar Leba ta Sikotland. A 1892 ya ci kujerar West Ham ta Kudu a gabashin Landan, ya kuma shiga majalisa da tufafin yau da kullum da hular ulu, alhali sauran 'yan majalisa doguwar baƙar kwat da doguwar malafa suke sawa. A watan Janairun 1893 aka kafa jam'iyyar ma'aikata mai zaman kanta a birnin Bradford, shi ne kuma ya zama jagoranta.

Jawabin 1894: rashin ladabi ne ko gaskiya?

Ranar 23 ga Yunin 1894, ramin kwal na Albion da ke Cilfynydd a kudancin Wales ya fashe, mutum kimanin 290 suka mutu, maza da yara. A wannan rana aka haifi jariri a gidan sarautar Ingila, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Takwas. Washegari aka kashe shugaban Faransa, Sadi Carnot. Majalisa ta shirya saƙon ta'aziyya ga Faransa, ta shirya saƙon taya murna ga Sarauniya Victoria. Hardie ya nemi a haɗa da saƙon ta'aziyya ga iyalan masu haƙar kwal, gwamnatin Liberal ta ƙi.

Sai ya tashi ya yi adawa da saƙon taya murnar, ya soki gidan sarauta, ya ce yaron zai tashi kewaye da 'yan fadanci da za su koya masa cewa ya fi sauran mutane. Zauren ya kaure da ihu daga kowane ɓangare, jaridu suka yi masa ca. A zaɓen 1895 ya rasa kujerarsa, haka kuma duk 'yan takara 28 na jam'iyyarsa suka faɗi.

Masu sukarsa suna cewa ga sakamakon rashin iya magana nan: ya ɓata wa jama'a rai a kan jaririn da bai yi laifin komai ba, ya kuma yi asarar kujerar da zai iya yi wa ma'aikata amfani da ita. Na yarda cewa jaririn ba shi da laifi, kuma mu da muka tashi cikin girmama sarauta da murnar haihuwa, kunnenmu ba zai ji daɗin irin wannan jawabi ba. Amma a duba tsarin abin. Ya fara da roƙo cikin ladabi, aka ƙi. A zauren da ke da kujeru 670, an samu lokacin yi wa shugaban wata ƙasa ta'aziyya, an samu lokacin yi wa jariri barka, ba a samu lokacin ambaton ɗaruruwan 'yan ƙasa da suka mutu suna haƙo makamashin da ke tafiyar da jiragen ƙasar da masana'antunta ba. Rashin ladabin da ya fi girma a wannan mako ba daga bakin Hardie ya fito ba. Mutumin da ya zauna cikin duhun rami yana ɗan shekara 10 ya san waɗanda suka mutun, ko da bai san sunayensu ba, kuma da ya yi shiru a ranar, da babu wani dalilin da zai sa ma'aikaci ya bambanta shi da 'yan Liberal ɗin da ya bari.

Ai sulhu ne ya kawo nasara, in ji su

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ba zan rage mata nauyi ba. A watan Fabrairun 1900 ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan gurguzu suka haɗu a Landan suka kafa kwamitin wakilcin ma'aikata, Ramsay MacDonald ya zama sakatare. A zaɓen shekarar kujera biyu kacal suka samu, ɗaya ta Hardie ce a Merthyr Tydfil. Abin da ya kumbura tafiyar shi ne hukuncin kotu na 1901 a ƙarar kamfanin jirgin ƙasa na Taff Vale, wanda ya ba kamfani damar ƙarar ƙungiyar ƙwadago ya karɓi diyya saboda yajin aiki. Ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa ta biya fam 23,000 ban da kuɗin shari'a. Sannan a 1903 MacDonald ya ƙulla yarjejeniyar sirri da Herbert Gladstone na Liberal, cewa ba za su riƙa raba ƙuri'a a wasu mazaɓu ba. Da wannan aka samu kujeru 29 a 1906, aka kuma sa wa tafiyar suna jam'iyyar Leba. Masu wannan hujja suna cewa ashe dai a ƙarshe da taimakon Liberal aka shiga.

Haka ne, kuma Hardie bai tsaya a hanyar yarjejeniyar ba. Sai dai ya kamata a tambaya: me ya sa Liberal suka zauna teburin ciniki tun farko? Ba a yin yarjejeniya da wanda ke cikin aljihunka. Sun zauna ne domin shekara 15 ana tsayar musu da 'yan takarar da ba sa cin zaɓe amma suna ɗebe ƙuri'un da ke sa Liberal faɗuwa. Waɗannan faɗuwar da ake yi wa Hardie dariya a kansu, su ne jarin da MacDonald ya je kasuwa da shi. Shi kuma Hardie ya nuna cewa taurin kansa yana da ido, domin a taron 1900 bai nace sai an rubuta gurguzu a matsayin sharaɗin shiga ba, sanin cewa yawancin ƙungiyoyin ƙwadago za su gudu. Abu ɗaya ya riƙe: ƙungiyar 'yan majalisa ta daban, mai nata masu tsawatarwa da ke haɗa kan 'ya'yanta wajen kaɗa ƙuri'a, da nata manufofi.

Sakamakon bai daɗe ba. A 1906 aka yi dokar da ta warware hukuncin Taff Vale, aka yi dokar ciyar da yara mabuƙata a makaranta. A 1908 aka yi dokar fansho na tsofaffi, aka kuma yi dokar taƙaita aikin ramin kwal zuwa awa 8. Gwamnatin Liberal ce ta zartar da su, ba na musu, amma ta zartar da su ne tana waiwayen wata jam'iyya da ke iya ƙwace mata ƙuri'un ma'aikata.

Game da muƙami kuwa, akwai wanda ya bi ɗaya hanyar. John Burns, gwarzon yajin aikin tashar jiragen ruwan Landan na 1889, ya shiga majalisa shekara ɗaya da Hardie, ya ƙi shiga sabuwar jam'iyyar, ya zama minista a gwamnatin Liberal a ƙarshen 1905. Mutum ne mai mutunci, ya kuma ajiye muƙaminsa a 1914 don adawa da yaƙi. Amma ya yi shekaru a ofis bai bar wata tafiya a bayansa ba.

Zancen cewa Hardie bai iya shugabanci ba gaskiya ne. Da ƙuri'a ɗaya ya ci shugabancin 'yan majalisar Leba a 1906, bai ji daɗin aikin ba, ya sauka a 1908. Zaman kwamiti da lallashin abokan aiki ba fagensa ba ne. Arthur Henderson, wanda ya gaje shi a shugabancin, da MacDonald sun fi shi iya wannan nesa ba kusa ba.

Abin da ba zan kare shi a kai ba

A ƙarshen shekarun 1880, masu masana'antun ƙarfe da kwal a Ayrshire sun kawo ma'aikata daga Lithuania da Poland suna biyansu ƙasa da abin da 'yan gida ke karɓa. Hardie ya yi magana a kan waɗannan baƙi da kalmomin ƙasƙanci, ya kuma nemi a hana irinsu shigowa. Laifin karya albashi na masu masana'anta ne, amma ya sauke wani kaso na fushinsa a kan talakawan da yunwa da zalunci suka koro daga ƙasashensu. Wannan tabo ne, kuma ya saɓa wa duk abin da yake wa'azi a kai.

Abin da zan iya faɗa shi ne tafiyarsa ta gaba ta fi wannan faɗi. Ya yi adawa da yaƙin Boer da Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu. A 1907 ya je Indiya ya goyi bayan 'yan ƙasar su samu hannu a mulkin kansu, jaridun Landan suka zarge shi da tunzura tawaye. Da ya isa Afirka ta Kudu ya ce a buɗe ƙungiyoyin ƙwadago ga baƙaƙen fata, Turawan can suka tarwatsa masa taro. Ya tsaya wa matan da ke neman 'yancin ƙuri'a a lokacin da da yawa cikin abokan tafiyarsa ke ganin batun ɓata lokaci ne.

Akwai kuma tambayar da ɗan Najeriya ke da haƙƙin yi. Ranar 18 ga Nuwamban 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe masu haƙar kwal 21 a Iva Valley da ke Inugu, a lokacin da suke takaddama kan haƙƙoƙinsu na aiki. Jam'iyyar Leba ce ke mulki a Landan, sakataren harkokin ƙasashen mallaka kuma, Arthur Creech Jones, tsohon jami'in ƙungiyar ƙwadago ne. Jam'iyyar da mai haƙar kwal ya kafa ita ce ke riƙe da daular da ta harbe masu haƙar kwal. Hardie ya rasu shekara 34 kafin wannan, don haka ba zan ɗora masa jinin ba. Amma hakan ya nuna iyakar abin da ya gina: jam'iyyar ta zama ta ma'aikacin Birtaniya, kuma da ta hau mulki ta gaji daular yadda ta same ta. Wanda zai yabi Hardie daga wannan ɓangare na duniya dole ya faɗi wannan tare da yabon.

Yaƙin 1914

Shekaru kafin yaƙin duniya na farko, Hardie yana kira a tarukan 'yan gurguzu na Turai cewa idan gwamnatoci suka shelanta yaƙi, ma'aikatan kowace ƙasa su tafi yajin aikin gama-gari. Da lokacin ya zo, babu abin da ya tsaya. An kashe Jean Jaurès, jagoran 'yan gurguzun Faransa mai adawa da yaƙi, ranar 31 ga Yulin 1914. 'Yan gurguzun Jamus sun amince da kuɗin yaƙi a majalisarsu. Ranar 2 ga Agusta Hardie ya yi jawabin adawa da yaƙi a dandalin Trafalgar, ranar 6 ga wata kuma ya je Aberdare a cikin mazaɓarsa, inda masu haƙar kwal, mutanen da ya yi wa aiki duk rayuwarsa, suka hana a ji muryarsa da ihu da waƙoƙin kishin ƙasa. Yawancin 'yan majalisar Leba sun goyi bayan yaƙin, Henderson ma ya shiga gwamnatin haɗin gwiwa a 1915. Hardie ya rasu a Glasgow ranar 26 ga Satumban 1915 yana da shekara 59. A zaɓen cike gurbinsa, Charles Stanton, ɗaya daga cikin waɗanda suka jagoranci tarwatsa taron Aberdare, shi ya ci kujerar.

A nan ya yi kuskuren lissafi, domin ya ɗauka zumuncin ma'aikata ya fi kishin ƙasa ƙarfi, bai kuwa fi ba. Amma kuskuren lissafi daban ne da kuskuren matsayi. Yaƙin ya ci sojojin Birtaniya sama da 700,000, akasarinsu 'ya'yan ma'aikata, kuma ban ga yadda za a ce wanda ya yi gargaɗi tun ranar farko shi ne ya kamata ya ji kunya ba. Ihun Aberdare bai tabbatar da cewa ya yi kuskure ba. Ya tabbatar ne da cewa yana iya faɗa wa nasa mutanen abin da ba sa son ji, kamar yadda ya faɗa wa majalisa a 1894.

Yaƙin da ya karya masa zuciya shi ne kuma ya raba jam'iyyar Liberal gida biyu tsakanin manyan jagororinta Asquith da Lloyd George. Da ma'aikata suna nan a raɓe a cikinta kamar yadda Broadhurst da Burns suka so, da sun rushe tare da ita. Sai ya kasance akwai wata jam'iyya a tsaye, mai kuɗinta daga ƙungiyoyin ƙwadago, mai rassanta da 'yan takararta. A zaɓen 1922 Leba ta samu kujeru 142 ta zama babbar jam'iyyar adawa, a 1924 ta kafa gwamnati a karon farko, kuma tun daga lokacin Liberal ba ta sake kafa gwamnati ita kaɗai ba.